Kalmar da Kawu Ba Ya Faɗa

Abin da na fara gani da na dawo hutu shi ne tabon baƙin mai a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, inda Kawu, ƙanin Inna, yake kafe babur ɗinsa. Babur ba ya nan, kaji har sun tone wurin. Ina aji biyu a makarantar kwana, kuma ba wanda ya aiko mini da labari.

A shekarar, ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Kawu ya bar gona ya koma ɗaukar mutane tsakanin garinmu Turba da kasuwar Bafarawa. Wata ranar kasuwa ya ɗauko wani mai sayar da hatsi, mutumin bai isa gida ba. Aka kira iyalinsa ana neman fansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a wata busasshiyar rijiya.

Ba wanda ya ga kisan. Amma a bayan babur ɗin Kawu aka yi masa ganin ƙarshe, kuma an sami buhun gero mai alamar mamacin a ɗakinsa. Aka kama shi. Kawu ya ce ladan ɗauka ne, a mararraba ya sauke mutumin. Ni kuwa na tuna gumbar da Inna ta aiko mini makaranta a lokacin da rumbunmu ba komai. Har da 'yan ɗakinmu muka cinye ta.

Shari'a ta yi ta ja, sai ina aji huɗu aka yanke masa hukuncin kisa. An ce abin da ya fi kayar da shi wata takarda ce mai ɗauke da dangwalen yatsansa, inda ya amsa laifi.

Lauyan da zai ɗaukaka ƙara ya zo gida da kwafinta. Inna ta ce in karanta mata, tunda ni ce mai boko. Na zauna a bakin tabarma, ina bin layi da yatsa don kada in haɗa ido da baƙo. Na kai inda aka rubuta: “Na ce masa zan kai shi gida.” Sai na tsaya.

Inna ta ce, “Mi ya faru, ɗiyata?”

Na ce Kawu ba ya cewa “zan”. “Za ni” yake cewa, kamar kowa a garinmu, kuma “mishi” yake cewa, ba “masa” ba. Har tsokanata yake yi idan na dawo da Hausar malamanmu.

Lauya ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Ya ce mai rubutawa kan juya magana zuwa tasa Hausar, wannan kaɗai ba zai kuɓutar da mutum ba, amma zai sa a cikin ƙarar. Na lura bai rubuta komai ba sai da ya ga ina kallon alƙalaminsa.

Da ya tafi na sake karantawa sau uku. Ban ji muryar Kawu ko a layi ɗaya ba. Buhun geron kuma bai fita daga raina ba.

Inna tana ɗaure ƙuli-ƙulin da za ta kai masa gidan yari. Na tsuguna kusa da ita.

“Inna, ki tafi da ni. Ina so in tambaye shi, in ji da bakinshi.”