Miyar Mangwaron Goggo Asibi

A bakin Inna na fara jin sunan Asibi, ranar da ta fizge kwano daga hannun ƙanena ta juye wa kaji. Ta ce, "Girkin Asibi ne. Wa ke sa mangwaro a miyar kifi in ba mai son ɓoye ɗacin wani abu ba?"

Goggo Asibi ƙanwar Babanmu ce. Ta daɗe tana yi wa wasu Indiyawa girki a Fatakwal, ta dawo garinmu Wara da girkin da ba mu saba da shi ba: kifin ragon ruwa da ɗanyen mangwaro, shinkafa da ruwan kwakwa, gasasshiyar abarba da yaji. Duk wanda cikinsa ya murɗa a unguwarmu, sai a tambaye shi ko ya biya ta gidanta. Ba ta fasa aiko mana da kwano ba, mu ma ba mu fara ci ba.

Ni kaina ban yarda da ita ba. Ranar da aka aike ni gidanta na tarar tana girki, sai na tsaya ina bin hannunta da ido, tun daga yanka har saukewa.

Ta yi dariya. "Ɗiyata, kin ga maganin?"

Na ce ban gani ba. Duk da haka sai da ta fara kai loma sannan na ci.

Da zan tafi ta riƙe mini hannu. "Gobe ki zo da Innarki ta tsaya inda kika tsaya. Ba sai ta ci ba, ta dai duba."