Salgar Liti Fatoma

Liti fatoma ne, wato mai saukar baƙi, a Karaye a zamanin Turawa. Fulanin da ke kawo shanu kasuwa daga Ruwan Bago da Jajaye a gidansa suke kama ɗaki. Ba shi da wani aibu sai yawan gaisuwa. In ya kama ka, sai ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, ya tambayi maraƙin da ka sayar bara.

Wata shekara aka kafa doka: duk mai saukar baƙi ya haƙa musu salga tasu daban, mai murfi, in ba haka ba a rufe masaukin. Duba-gari Malam Muntaka ne ya zo da kansa ya faɗa masa. Liti ba ya son duba-gari yana ratsa masa gida, sai ya sa aka haƙa ta a jikin zaure, dab da inda yake shimfiɗa buzunsa ya wuni. Aka yaɓe ta sumul, aka sassaƙo murfi. Muntaka ya leƙa, ya ce ko a birni sai haka.

Shi kuwa Bafulatani, gara ciki ya kashe shi da a gan shi ya nufi makewayi. Sulle, wanda ya fi kowa daɗewa yana sauka a gidan, ya fito wata safiya da buta a ɓoye cikin riga, yana sanɗa, sai ya ji muryar Liti:

"A'a, Sulle! An fito? Ina kwana? Yaya baƙunta? Cikin dai lafiya ko?"

Sulle ya durƙusa ya amsa duka, ya ce alwala dama zai yi, ya koma ɗaki. Da kasuwa ta tashi ya tafi, bai sake dawowa ba. Saura ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ɗakuna suka zama na kaji. Garin neman gira an rasa ido. Salga dai fes take, duba-gari sai yabo yake.

Liti ya rame. Ya zargi sammu, ya zargi maƙwabta. Matarsa Tasalla ta gaji da kallonsa, ta ce, "Malam, ba sammu ba ne, kai ne. Wa zai shiga bayan gida mai masauki na yi masa sannu da zuwa?"

"Yanzu gaisuwar ce ta zama laifi?"

"A bakin salga, laifi ce."

Cike ramin ba dama, doka ce. Sai ya naɗe buzunsa ya koma gindin durumin da ke bayan katanga, inda ba mai wucewa sai awaki. Labari ya kai rugage, baƙi suka dawo, har da Sulle.

Abin ya yi wa Liti ciwo ƙwarai. Yana jiyo sallamar baƙi a zaurensa, bakinsa na ƙaiƙayi, amma ba ya tashi. Haka ya ƙare kwanansa, gida cike da mutane, shi yana bayan katanga yana amsa sallamarsu a hankali don kada su ji.