Anti Masifa ta Ɗakin Kunne

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe bai taɓa yi mata a gida ba. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu ciwon kunne, can ƙarshen barandar asibiti. Za ta goge benci, ta jera 'yar fitilarta da wani ƙarfen gwaji mai baki biyu, sannan ta fara faɗa. Anti Masifa ake ce mata. To ina laifinta? Wanda kullum yake zaro tsinken ashana daga kunnen magidanci, ai dole bakinsa ya buɗe.

Ku tambayi bakaniken bayan asibiti, mutumin da da kunne yake cin abinci, inji na kuka ya san inda ciwon yake. Mura ta kama shi, ya wayi gari kunnen hagu ɗif. Me gogan naka zai yi? Sai ya ɗiga man birki! Da ƙyar matarsa ta jawo shi.

"Anti, datti ne kawai," in ji shi. "A wanke min in koma gareji."

Ta leƙa, ba wani datti. Ta buga ƙarfen ta ɗora masa a goshi. Ya ce ta dama kaɗai yake jin ƙarar.

"Dattin a kanka yake! Ƙwayar cutar mura kan iya taɓa jijiyar ji. Kwana nawa yau?"

"Biyar."

"Innalillahi! Ka ƙara mako biyu a haka, kai da sana'arka sai dai labari."

Likita ya riga ya ɗauki jakarsa zai tashi. Ta tare ƙofa, ta ce ba inda za shi sai ya duba mutumin nan. A ranar aka fara magani.

Anti, ke ce mai faɗan da ya fi lallashin wasu amfani. Ga shi kin ajiye aiki, ko takardar yabo ba a ba ki ba, abin haushi wallahi. Mu dai mun gode, Allah ya saka. Masu gadon kujerarki su gaji zafin nan. Ku kuma jama'a, kunne ya ɗauke farat ɗaya ana mura, a tafi asibiti a ranar, a bar dabara.

Ranar sallamarta bakaniken ya zo godiya. Ta toshe masa kunnen dama, ta raɗa a na hagu: "Sakarai."

"Na ji, Anti," ya ce, hawaye na zubo masa. "Wallahi na ji."