Rufin da Yaya Hauwa ta gyara a Peckham

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayata Hauwa, amma har yau in na ga ambulan mai tambarin lauya sai gabana ya faɗi.

Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a unguwar Whitechapel, can ƙasar Turawa. A tsakiyar shekarun 1980 ta sayi flat, wato sashen gida a bene, a unguwar Peckham, a saman shagon doya da manja, ni kuma ina zaune wurinta ina karatu. Ta aika wa Baba hoton ƙofar a Zariya, ta rubuta a baya cewa ta yi gida. Ashe shekaru ta saya. Shi suke kira lease: ka biya kuɗin gida, amma ƙasa da bango da rufi na wani ne, kai izinin zama kawai gare ka, kullum yana raguwa. Mai ginin namu wani kamfani ne da ba mu taɓa ganin fuskar mutum ɗaya daga cikinsa ba.

Rufin ya fara yoyo. Shekara uku tana rubuta musu wasiƙa, shiru. Da silin ya kumbura daidai kan gadonta, ta kira magini ya gyara. Bayan mako biyu takardar lauyansu ta iso: ta karya sharaɗi, za su nemi kotu ta ƙwace gidan, ba tare da an mayar mata da komai ba. A tsaye ta karanta, ko kayan aiki ba ta cire ba.

Na ce, "Yaya, me suka ce?"

Ta ce, "Wai na taɓa abin da ba nawa ba. Kada ki gaya wa Baba."

Wata takwas muka yi a haka. Ƙarar akwatin wasiƙa kaɗai takan sa ta ajiye cokali. A ƙarshe aka bar mata gidan, bisa sharaɗin ta ɗauki nauyin lauyoyinsu, ta kuma sa hannu cewa ta yi laifi. Ta sa hannun.

Da dokar 1993 ta ba mazauna damar haɗa kai su sayi gininsu, ita ta bi ƙofa ƙofa, ta shawo kan wata tsohuwa 'yar Ireland da wani direban bas ɗan Jamaika. Mai awo ya zo da tef, ya ce shagon ƙasa ya wuce girman da doka ta yarda, saboda haka ba ma ciki.

Lokacin da ciwo ya kama ta, ta so ta sayar ta koma Zariya. Masu saye biyu suka janye, don bankuna ba sa son ba da rance a kan lease da ya gajarta. A ɗakin nan ta cika.

Da za ta ga yau, za ta tarar an sassauta sharaɗin shago. Amma na san abin da za ta fara tambaya: har yanzu ana iya ƙwace wa mutum gidan da ya saya? Sai in ce mata e. Wannan ikon ya kamata majalisa ta soke, ba ragewa ba.

Yaya Hauwa ba ta bar mana gida na dindindin ba, ta dai bar mana darasin karanta takarda kafin sa hannu. Bara 'yata ta kawo mini takardun wani flat tana murna. Na zaunar da ita muka karanta shafi shafi har muka kai sharaɗin ƙwacewa. Ta rufe su, ta ce, "Mama, bari mu ci gaba da nema."

Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ta gidan da babu mai tashinta.