Hotunan da Babu Kowa a Ciki

Muna idar da sallar asuba muka bar Gyaɗi-Gyaɗi, ni da abokaina biyu, da kyamarar aro wadda na naɗe cikin leda biyu don tsoron ruwa. Dalilin tafiyar kuwa Baba ne. Yana saurayi ya yi aikin haƙar kuza a Riruwai, kuma tun muna yara yake ba mu labarin wani kwazazzabo da ke can, inda rafi ya tsaga dutse har mutum kan taɓa bangon hagu da na dama a lokaci ɗaya, sama kuma ta koma kamar zare. Inna kan ce duk shekara dutsen nan ƙara tsawo yake yi a bakin Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara bai ƙara fita ba, ganinsa kuma yana raguwa. Niyyata in kawo masa wurin a hoto tun yana iya gani. Fim ɗaya ne da ni, kuma ban taɓa ɗaukar komai ba sai taron biki.

A tashar Unguwa Uku muka sami bas. Kuɗin mota ya ɗan hau, wai saboda mai. Har yanzu fastocin 'yan takara na manne a bangaye, ruwan damina ya wanke musu fuskoki. Direba ya ce tun da sojoji suka miƙa mulki shingayen hanya sun ragu. Wata tsohuwa a bayana ta ce ramukan dai ba su ji labarin ba tukuna. Daga Kwanar Ɗangora muka ɗauki hanyar Tudun Wada, gonakin shinkafa sun yi jawur suna jiran yanka. A dajin Falgore birai suka tsallaka titi ba sauri, abokaina suka ce in ɗauka, na ƙi. Muka sayi dafaffiyar gyaɗa da rake a Doguwa, da araha har na ji nauyin neman ragi.

Da hantsi muka isa Riruwai. Wani dattijo manomi ya ji kwatancen Baba, ya ce ya san wurin, ya raka mu. Sau da yawa na tambaye shi ko ruwa kan taho ba zato daga sama, har ya ce, "Malam, damina ta wuce. Ka dubi ƙafarka, ka bar sama."

Ban san yadda zan kwatanta abin da muka shiga ba, amma zan gwada. Da farko rafi ne kamar kowane rafi, da gora da ɓaure a gefe. Sannu a hankali duwatsun suka matso, zafi ya ɗauke, sanyi ya taso daga ruwan kamar an buɗe randa. Bangon dutsen ja ne da ratsin baƙi, ruwa ya goge shi sumul, gansakuka ta lulluɓe ƙasansa. Tsattsewa na shiga suna fita can sama. Muka tuɓe takalma, ruwa ya kai mana gwiwa, wani wurin har cinya, ni kuwa kyamara na ɗage a ka, ina taka santsi ina salati. Na miƙa hannu ɗaya na taɓa hagu, na juya na taɓa dama. Baba bai ƙara komai ba. Ina jin ma ragewa ya yi.

Matsalar ita ce duhu, don haka muka zauna a kan wani falalen dutse muka jira. Da rana ta take, haske ya sauko tsakanin bangayen ya faɗa ruwan, duwatsun ƙasa suka bayyana ɗaya bayan ɗaya, bangon ya koma launin garwashi. Na ɗaga kyamara, sai ga abokina ɗaya ya shiga gaba yana gyara hula.

"Matsa mana, dutsen nake so."

"Dutse kawai? Ka yi digiri don ka ɗauki dutse? Wa zai san mun zo?"

Don a zauna lafiya na ɗauke su kaɗan, ɗaya ma yana can nesa a gindin bangon. Sauran fim ɗin na ba kwazazzabo, ina riƙe numfashi kada hannuna ya girgiza. Hasken bai daɗe ba ya janye.

Mun kwana a garin, aka ba mu tuwon masara da miyar karkashi, washegari muka dawo. Na kai fim shagon wanki a Tarauni, na kasa cin abinci sosai har ranar karɓa. Da na buɗe ambulan, babu komai sai abokaina. Na dubi mai shagon.

"Ina sauran?"

"Ai sun lalace, yallaɓai," in ji mai shagon cikin tausayawa. "Babu kowa a ciki. Ina jin hannunka ne ya riƙa danna abin a jaka. Ba ma wanke irinsu, kada mutum ya yi asara."

Fim ɗin na nan, alhamdu lillahi, bai zubar ba. Na roƙe shi ya wanke duka, ya ƙara girman guda ɗaya. Ya yi, yana kallona kamar mai bukatar addu'a.

A gida Inna ta juya babban hoton ta ce wannan ai zai iya zama lungun bayan gidanmu. Sai ta kai kan wanda abokina ke tsaye a gindin bango, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi Baba ta ce, "Malam, ashe da gaske kake." Hoton da na ɗauka bisa dole shi ya wanke Baba, kuma na koyi cewa idan babu mutum a gefe, mai kallo ba ya gane girman dutse.

Baba kuwa hoton da babu kowa a ciki ya karɓa. Ya kawo shi dab da idonsa, ya bi bangon da yatsan hannunsa mai lafiya, ya tsaya a kan falalen dutsen da muka zauna.

"Nan muke ajiye takalmanmu," ya ce.