Fallen da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Har yau a kasuwar Tambuwal akwai tsofaffin da in za su kwatanta wa baƙo kantina sai su ce, "Je ka wurin matar da ta hau rufi." Su yi ta faɗa, bakinsu ne. Na hau ɗin, kuma da za a maido ranar da na sake hawa.

Ni 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ni Tambuwal. Maigidana gishiri yake sayarwa, na buhu da mangul, da 'yar kanwa a gefe. Shi yana rumfar kasuwa, ni ina auna wa mata a cikin gida. Rumfar ta zana ce, duk damina sai gishiri ya sha ruwa ya bi ƙasa muna kallo. Shi ya sa ya tayar da ginin kanti a bakin hanyar mota, ɗaki ɗaya mai faɗi. Bango ya kai, aka ɗora azara, saura rufi. Ya ga bikin mulkin kai da idonsa, har ya ɗaura 'yar tuta a ƙofar kantin da sama take a buɗe. Bai cika wata guda bayan nan ba zazzaɓi ya kayar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya'ya uku da ɗaki ba rufi.

Ina cikin takaba na zazzage jakarsa, sai ga gutsattsarin ƙarfe uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ya karɓo su ne daga Sakkwato don ya yi shawara. Ɗaya garwar kananzir ce da aka fasa aka baje, rufin talaka. Ɗaya kwanon ƙarfe mai kauri da ruwan tutiya, irin wanda ke kan ofisoshi. Na ukun goran ruwa, wanda yaran yanzu ke ce wa alminiyam, fari fat, ba nauyi, ka lanƙwasa shi da yatsa biyu.

Mai takaba ba ta da inda za ta, sai tunani. Na tuna kwaɗon ƙofar tsohuwar rumfarmu da gishiri ya cinye, na tuna wuƙar fasa mangul da ba ta shekara. Na kuma dubi ludayina na goran ruwa da nake ɗiban gishiri da shi tun ina amarya, yana nan garau. Sai na tura gutsattsarin nan uku cikin kwandon gishiri, kullum in na yi alwalar asuba in yarfa musu ruwan hannuna. Kusan duk wata huɗu da kwana goman takabar suna ciki. Ranar da na fita takaba na tono su. Garwa ta zama rariya. Mai tutiya ya yi ja a bakin yanka, tsatsa ta fara cin tsakiyarsa. Goran ruwa kuwa fari-fari kawai ya yi kamar an barbaɗa masa toka, na goge da bakin zane ya koma yadda yake.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yayan maigidana shi ne waliyyin marayu, kantin kuma na marayu ne. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zan yi masa ƙarya ba ko da yana kabari, amma in ya kafe sai ka ce turken doki. Ya zo zaure da dattijai biyu, ya ce ya yanke shawara: za a yi rufi da mai kauri, shi zai zauna kantin, ni kuma in na so in koma Kebbe gidan ubana in huta.

In huta! Wa ya ce masa na gaji?

Na fito da gutsattsarin a faifai na tura gabansu daga bayan asabari. Na ce, "Yaya, ku duba wanga. Gani ya kori ji."

Bai ko taɓa su ba. Ya ce, "Mi mace tas sani ga rufi? Wanga fari da kika so, takarda na. Iska guda ta isa ta kai shi Dogon Daji. Gwamnati da kanta da mai kauri taka rufi."

Na ce, "Yaya, gwamnati takarda taka ajiyewa ƙarƙashin nata. Ni gishiri nika ajiyewa."

Ɗaya daga cikin dattijan ya yi tari don ya ɓoye dariya, shi kuwa Yaya fuskarsa ta haɗe. Na ƙara da cewa ba zan taɓa ko ƙwayar dukiyar marayu ba, ina da saniyata a wurin Fulani, ita za ta yi rufin. Sai ya ɗaga yatsa. Ya ce, "To, ku shaida. Ta yi da takardarta. Amma daminar bana, falle guda in yat taɓa ƙasa, makulli ya dawo hannuna, ita ko ta kama hanyar Kebbe." Dattijai suka dube ni ta asabari suna jiran in ba da haƙuri. Na ce na yarda.

Motar kaya ta kawo bandir ɗin kwanon goran ruwa daga Sakkwato da tsakar bazara, kasuwa ta taru kallo. Wani mahauci ya ɗaga falle da hannu ɗaya yana fifita da shi, aka bushe da dariya. Aka sa wa kantin suna tun ba a rufe shi ba, wai ɗakin takarda. Kafintan da ya yi aikin ma yana buga ƙusa yana tsaki. Na sa shi ya ɗaure katako da waya a jikin azarar da ke cikin bango, ya yi yana gunaguni. Abin da ban sani ba, shi ma bai sani ba, shi ne goran ruwa ba ya son ƙusa tsirara. Ya buga su jefi-jefi yadda ya saba yi wa mai kauri, ba komai a ƙarƙashin kawunansu. Ya gama ya jingina tsaninsa a bayan kanti, ya ce zai aiko a ɗauka.

Ruwan farko yayyafi ne, na biyu ma ya wuce lafiya. Na kwashe gishirina duka na zuba a ciki, na fara zama da kaina a bakin ƙofa, bazawara da mudu a hannu. Masu cewa bai dace ba suka ce, suka kuma zo suka saya.

Na ukun ranar kasuwa ya zo, bayan azahar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwasar faya-fayan mata da hulunan maza. Ina cikin jan buhuna daga bakin ƙofa sai na ji ƙara a sama, ɓam, ɓam, kamar ana dukan tasa. Na zaga baya na ɗaga kai. Fallen kusurwar gabas ya yage daga kan ƙusoshinsa, yana tashi yana faɗawa, saura ƙusa biyu ko uku ke riƙe da shi. Na waiga, maza cike da rumfunan maƙwabta sun fake, kowa ya zuba ido. Ba wanda ya motsa. Sun san sharaɗin, duk gari ya sani, kuma ba mai son shiga tsakanin bazawara da waliyyi.

Na tamke zanena na yi ɗamara da gyale, na kama tsanin kafinta.

Wayyo, ihun da aka yi! "Subhanallahi! Mace bisa rufi!" Wata tsohuwa mai daddawa tana kururuwa wai aradu za ta faɗo mini. Ni ma na san da aradun, tsoro kamar ya kashe ni. Na rarrafa a kan kwano mai santsi, na jira fallen ya sauko, na danne shi da gwiwoyina biyu, na kama bakin katako da hannuwa. Ruwa ya ɓarke. Iska na ɗaga ni da fallen gaba ɗaya tana maido mu, bakinsa ya yanke mini tafin hannu, jini na bin ruwa.

Can na ji murya daga ƙasa. Yaya ne, ya fito tsakiyar ruwa ba hula, babbar rigarsa ta manne masa a jiki. Yana cewa, "Sauko! Don girman Allah sauko! Na yafe sharaɗin!"

Da wata ce da ta sauko, kuma ba zan ga laifinta ba. Amma na san abin da zai biyo baya. Zan zauna kantin nan da alfarma, kullum a ce ai tausaya mata aka yi, ranar da tausayi ya ƙare kuma in ɗauki ƙunshina. Na leƙo da kaina na ce, "Yaya, riƙe yafiyarka! Ni ban roƙe ta ba! Falle guda kac ce, to tsaya nan ka ƙirga!"

Ya kuwa tsaya. Bai koma rumfa ba, yana nan cikin ruwa hannunsa riƙe da ƙafar tsani har iska ta kwanta. Ban sauko ba sai da aka kira kafinta ya hau da guduma. Washegari na sa baduku ya yanka mini tsohuwar tayar mota ƙanana-ƙanana, aka zare kowace ƙusa aka sa mata roba a wuya, aka ƙara wasu a tsakani. Daga ranar ko motsi rufin bai sake yi ba.

Da yammacin washegarin Yaya ya zo zaure, ya ce na zubar da mutuncin gidansu a gaban kasuwa. Na ce masa zanen da ya jiƙe ga shi can ya bushe a igiya, gishirin marayu da ya jiƙe da ba mai tsince shi. Ya tashi ya fita. Bai kuma sake maganar makulli ba, ko Kebbe, har ya koma ga Allah. Ƙafarsa ba ta taɓa shiga kantin ba, amma gishirin gidansa a wurina ake saya, ni kuma in cika mudu har ya yi tozo.

Garwar maƙwabta ta ruɓe an sake, masu kauri sun yi ja an sake, nawa yana nan. Shekarun baya babban ɗana ya zo da kafintoci zai sabunta rufin da irin na zamani mai launi. Ya hau ya duba, ya sauko yana dariya, ya ce, "Inna, duk lafiya suke, sai na kusurwar gabas. Ya lotsa wuri biyu, shi za mu fara cirewa."

Na ce masa ya cire duk wanda ya ga dama, ya rufa da zinariya in yana so. Amma wancan gwiwoyin uwarsa ne, kuma bai taɓa ƙasa ba tukuna.