Ƙirjin Baffa da Kunyar Suruki

Ranar Talata ce, sati biyu bayan an gama yankan gero, da misalin ƙarfe goma na safe. Mu uku ne a ɗakin, a asibitin Safana: ni, da Baffa yayan mahaifina, da ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ɗaukar hoton ƙirji.

Baffa ya yi wata uku yana tari a Wagini. Ya ce ƙaiƙayin gero ne, alhali tarin ya riga geron nuna. Ya rame, kuma kwano ɗaya yake ci da jikokinsa. Mijin 'yarsa, wanda ke aiki a ɗakin gwaji na asibitin, shi ya kira ni a waya ya ce an kawo na'urar, kwana biyu kawai za ta yi. Na ɗauka samun namu a wurin sauƙi ne. A nan na yi kuskure.

Na daɗe ina fassara labarai a gidan rediyo, na sha karanta "ƙirƙirarriyar basira" ban taɓa ganin abin da ido ba. Ashe 'yar kwamfuta ce a kan tebur, ita ke karanta hoton da na'urar ta ɗauka. Baffa ya tuɓe babbar riga, ya ja numfashi ya riƙe. Kafin ya mayar da hularsa hoton ya fito, da tabo ja a saman huhun dama.

"Baba, na'urar ba ta yanke hukunci," in ji ma'aikaciyar. "Wurin da take zargi kawai take nunawa. Sai an gwada kakinku za a san ko tarin fuka ne."

Baffa ya dube ni. "Kai mai rediyo, wannan ita ce wadda kuke cewa ta fi likita?"

"Ban taɓa cewa haka ba, Baffa."

"To ta fi ka iya taƙaita magana."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta leƙa waje ta kira mai karɓar kaki. Sai ga mijin 'yar Baffa da 'yar roba mai murfi a hannu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya fara gaisuwa kansa a ƙasa. Baffa ya amsa yana kallon bango. Da aka gama, ya ɗauki sandarsa ya fita.

A gindin dalbejiya na cim masa.

"Baffa, tari ɗaya ne a cikin roba."

"Ƙarfe ya leƙa ƙirjina, ban damu ba, ƙarfe ba ya zuwa gaisuwar Sallah. Amma mijin 'yata ya ɗauki kakina ya buɗe, ya duba? Gara tarin."

Na ce lamba ake rubutawa a jikin robar, ba suna ba. Ya ce yaron ba jahili ba ne, ya iya karanta lamba. Na kawo maganar jikoki. Duk da haka bai juya ba. Na san shi: in na ƙara kalma ɗaya zai hau babur ya koma Wagini, maganar ta mutu ke nan.

Na koma ciki na tambayi ma'aikaciyar abu uku: ko dole a Safana za a yi gwajin, ko kakin zai jure tafiya, da kuma wace takarda zan riƙe. Ta ce ana karɓa a Batsari, na farkon safiya ya fi, kada rana ta buge shi, kada kuma in tsaya a hanya. Ta rubuta takardar. Surukin na tsaye a gefe, ya miƙo mini roba biyu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Yaya, ni ma kunya nake ji," ya ce.

A Wagini na kwana. Bayan sallar asuba na ajiye robar a bayan rumbu, na gaya wa Baffa cewa mai gwajin Batsari baƙo ne, bai auri kowa a gidanmu ba.

"Ka tabbata?"

"Na bincika."

Ya je bayan rumbun shi kaɗai. Na naɗe robar a leda, na sa ta cikin kular abincin matar Baffa, na ɗaure a bayan babur. Ƙarfe takwas saura na miƙa ta a Batsari tare da takardar.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito, tarin fuka ne. An gwada jikokin, aka sa ƙaramin cikinsu a kan magani. Baffa ya sha nasa wata shida, a Batsari ake karɓo masa. Har yau shi da surukinsa ba su taɓa ta da maganar ba.